Baurin da Ya Ɓace

Yaya Zaza,

Ina gaisuwa. Ya Mama, ya mutanen Telavi? Ina lafiya a Warsaw, ƙafafu ne kawai ke kumbura da tsayuwar aiki a gidan abinci.

Jiya maigidana na wurin aiki ya jera giyar inabin gidanmu ta shekara huɗu, kowace shekara da kwalbarta, muka ɗanɗana bi da bi. Ukun farko da baurinsu, don Baba ba ya yarda a cire karan inabi kafin a zuba a randa. Ta bara kuwa sumul, babu bauri. Maigida ya ce, "Tamta, tsohonki ya ƙware!" Na yi yaƙe.

Kai ne ba ka son karan, Yaya. Ke nan kai ka haɗa ta bara, ba Baba ba; me ya same shi? Kada ka sake ce min Baba yana gona. Ran Lahadi ka miƙa masa waya.

Ƙanwarka,
Tamta