Almakashi da Tef ɗin Awo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya shago, ya su Kawu? Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu.

Karatu ma alhamdu lillahi, sai darasi ɗaya da ya tsaya mini a wuya: yadda kwamfuta ke raba aiki tsakanin manhajojinta, wa zai fara, wa zai jira. Na faɗi gwajin farko. In na sake faɗuwa, sai na maimaita shekara. Kada Inna ta ji.

Jiya malaminmu yana bayanin yadda manhajoji biyu ke cijewa, kowace ta riƙe abin da ɗayar ke jira. Kowa na sauraro, ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Na tuna ranar da ka riƙe almakashi, Kawu ya riƙe tef ɗin awo, kowa ya ce sai ɗayan ya fara saki, yadi na shimfiɗe har azahar. Malam ya ce, "Me ya ba ki dariya?" Na ba shi labari. Ya ce, "To, ya aka raba su?" Na ce masa na manta.

Don Allah ka tambayi Baba dokar da ya kafa muku ranar, ka rubuto mini daki-daki kafin Litinin, ranar gwaji na biyu. Gwajin nan ba zai kayar da ni sau biyu ba. A shagon tela na tashi, kuma ba a ƙera na'urar da ta fi ku taurin kai ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka