Bencin Baba

Filinge, daren Asabar, farkon damina

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau muka hidda bencuna daga tsohon cocinmu, don magina su gyara bangon da ruwan bara ya tsaga. Fada, limamin cocinmu, ya ce in an gama ba za a maido su ba, tabarmi za a shimhiɗa. 'Yan gudun hijira daga Gurma sun hi mu yawa yanzu, bencunan ba su isar kowa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Marigayi Baba ne ya haɗa su da hannunsa. Na zauna bisa na ƙarshe, na ƙi tashi.

Sai wata tsohuwa cikin baƙin ta zo ta zauna kusa gare ni. Hausarta kaɗan ce. Ta shafa katakon ta ce, "Ɗiyata, yi kukanki, kina da gaskiya. Namu cocin, ko ƙyaure ba mu samu ɗaukowa ba."

Can na miƙe na kama kai guda na bencin, ita ta kama guda, muka kai shi gindin iccen bedi. Gobe nan za mu yi addu'a, in ruwa ya bari.