Ɗan Tsako a Ƙarƙashin Gilashi

Illela, 3 ga Rajab, 1339

Zuwa ga Yayana Malam Attahiru, gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da 'yarka Hasana. Nan ma lafiya, sai zafi.

Ka tambayi abin da nake yi in na tashi daga rubutun Hakimi. A ɗakin ajiyar bariki na tarar da wani tsohon famfon tagulla da wani likita Bature ya bari, aka ce in ɗauka. Aikinsa zuƙe iska daga cikin kwanon gilashi da ake kifewa a kan faranti. Na kwance shi, na goge shi da toka da tsamiya. Fatar bakin sandarsa ta bushe ta tsage, na yanko sabuwa daga fatar akuya, na jiƙa ta kwana biyu a man gyaɗa. Sau uku tana yoyo, a na huɗu ta kama.

Jiya na gwada wa maƙwabta. Na kife ɗan tsako da kwanon gilashin, na ja sandar sau goma sha biyu, ya faɗi ya miƙe ƙafafu. Na buɗe kafar iska, ya tashi yana tangaɗi. Na ce musu iska ce kawai na cire na mayar. Babu wanda ya yi dariya sai Umma, 'yar Yari mahauci, mai shekara bakwai.

Ka gaishe da kowa.
Ƙaninka, Junaidu.

Illela, 12 ga Rajab

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ka yi haƙuri da wannan rubutu, da hagu na yi shi.

Sanƙarau ya shigo gari. Umma ta kwanta, wuyanta ya sandare, cikin zafin zazzaɓi tana kiran sunana tana cewa in buɗe wa ɗan tsako. Ka san abin da ake cewa in mara lafiya ya kira sunan mutum. Kafin azahar an gama yanke hukunci: ni maye ne, kurwarta tana cikin gilashina.

Sun zo, sun fi talatin. Yari ya fara, ya buge ni da gindin wuƙa a baki, haƙora biyu suka fita. Suka ja ni da ƙafa har ƙofar gidansa, ana jifa, ana duka da itacen girki. Na ce a ɗauko gilashin kowa ya duba, babu kome ciki. Yari ya ce mi zai gani, dama ana ganin kurwa da ido? Ya ɗora hannuna na dama a bakin turmi, ya ce wannan ne mai ja, ya sauke taɓarya sau biyu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Sai suka fito da yarinyar a kan tabarma, suka tuɓe ni, suka ce in tsallake ta sau uku in sake ta. In na ƙi, wuƙa. Na san tsallakawa amsa laifi ne. Na tsallaka, Yaya, jinina yana ɗiga a kan zanenta.

Yanzu ina ɗaure a zauren Yari. Hakimi yana rangadi. Yari ya rantse ranar da aka ɗauki gawarta za a ɗauki tawa. Wani falke ya yarda ya kawo maka wannan.

Ku sa ni a addu'a, ita ma ku sa ta.
Junaidu.

Illela, 20 ga Rajab

Yaya, ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Allah ya sa kuna lafiya.

Umma ta tashi. Ran Alhamis ta nemi kunu. Yari ya kwance ni da kansa, ya ce na kyauta da na sake ta, kada in kuma. Na yi murna da tashinta, har na yi kuka. Amma ka duba lissafin: da ta mutu, da an kashe ni ana shakka. Da ta rayu, babu mai shakka kuma.

Ba a miƙo mini hannu a masallaci. Mata suna janye 'ya'yansu in na wuce. Famfon yana nan inda na bar shi, ko ɓarawo ba ya kusantarsa, fatar kuwa har yau ba ta yoyo.

Na ji kana shirin zuwa. Kada ka zo. Mutane suna cewa maita gado ce, kuma fatake suna kai labari wurinku Sakkwato kowane mako. Hasana tana da rayuwa a gabanta. In an tambaye ka malamin Illela mai gilashi, ka ce suna ne ya zo ɗaya, ba ka san shi ba. Ka ƙone wasiƙun nan uku.

Allah ya tsare ku.
Ni ne, Junaidu, ba ɗan kowa ba.