Rigar Baba a Filin Wasa

Assalamu alaikum Yaya Isuhu,

Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya Hajiya da yara, da ciwon ƙafar nan taka? Mu nan Madarumfa lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Ɗanka Laminu ya fito a wasan kwaikwayon matasa ranar Asabar. Shi ne yariman zamanin da, mai yaudarar matan aure, har wadda ya wulaƙanta ta zuba mishi dafi a fura. Ashe akwatin marigayi Baba ya buɗe, ya ɗauko shuɗiyar rigar nan da kowa ya san Baba da ita ranar Juma'a. Ban sani ba, sai ganinta na yi tsakiyar fili!

Yanzu tsofaffi na ta ƙus-ƙus, wai asirin Baba aka tona. Inna ko gidan suna ta daina zuwa. Ga shi za su maimaita wasan a garin Gabi, yaron kuwa ya kafe sai da rigar.

Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Jiya Inna ta tambaye ni a hankali, ko na taɓa jin wani abu game da Baba.

Ƙanwarka,
Hadiza