Lambar Wuyan Inna Hembadoon

Lafiya, 7 ga Yuni, 1956

Yaya Ngunan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da aikin doya. Da hannuna na rubuta, kar ki yi dariyar harufan, wata shida kawai na yi a ajin yaƙi da jahilci.

An sa ni tsaron ƙofar ɗakin maganin kuturta. Kowane mai ciwo yana da lambar tagulla a wuya. Malam Baballe, mai raba ƙwaya, ya ce mini, "Kai baƙo ne, ba ka san kowa ba. Kar ka dubi fuska, dubi lamba. Ba lamba, ba shiga."

Yaya, ran Talata Inna Hembadoon ta iso da ƙafa, kwana biyu a hanya, wuyanta ba komai. Wai igiyar lambarta ta tsinke a rafi. Na shiga na roƙi Malam, ya ce ko uwarsa ce ba za ta shiga ba. Na fito na ce mata ta koma gida. Ni dai ban san abin da ya kamata in yi ba. Ki ba ta haƙuri.

Ƙanenki,
Iortyer

Assakio, 16 ga Yuni

Iortyer,

Na gaishe ka. Malamin coci ne ke rubuta mini. Haƙurin na ba ta, ba ta karɓa ba. Matar da ta goye ka bayan Mama ta rasu, ta ce ka tsaya kana leƙen wuyanta kamar mai cinikin akuya. Gyambon ƙafarta ya buɗe a hanyar dawowa. Abu ɗaya nake tambaya: maganinta na watan nan yana ina?

Yayarka,
Ngunan

Lafiya, 28 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambaya. Malam ya buɗe littafi ya ce, "Lamba 214, Hembadoon, ta karɓa ran Alhamis." Sai na tuna. Wani mutum ne mai gemu ya nuna mini 214, na buɗe masa ƙofa, har sannu da zuwa na yi masa. Na ce Malam, ai Hembadoon sunan mace ne. Ya ce shi ina ya san sunayenmu.

Baturen likita ya ji, ya yi faɗa, ya sake doka. Yanzu lamba kaɗai ba ta isa, sai mai ƙofa ya shaida cewa fuskar ta mai lambar ce. In na shaidi ƙarya, a kore ni, a miƙa ni ga 'yan doka. Jiya an ce kar in dubi fuska, yau an ce fuska zan duba, kuma duk laifin nawa ne.

An buga mata sabuwar lamba, ga ta cikin takardar nan. Amma sai ta zo da kanta.

A gaida Inna, in za ta amsa.
Iortyer

Assakio, 6 ga Yuli

Iortyer,

Lamba ta iso. Ƙafar Inna ba ta taka ƙasa yanzu, kuma mai lori ya ce ba ya ɗaukar kuturwa. Ni zan rataya lambar in zo ran Talata. Za a tambaye ka wace ce wannan. Ban gaya wa Inna ba, don kar ta sa rai.

Ka huta lafiya.
Ngunan