Injin da ban ji ba

Litinin, 4 ga Maris 1991
Dogo direba ya kawo kamyon maigidansa Alhasan garejina, babbar motar da ke ɗaukar albasa daga Galmi. Wai injin na tsallake bugu. Na sa ya tada. Na kara kunne, na gyaɗa kai kamar na gane. Ban ji kome ba sai guuu. Ni da garin Konni duka ya san ni da gane ciwon mota da kunne.

Talata, 5
Na canza buji shida, masu ba injin wuta. Dogo ya ce, "Malam, ai ga ta nan tana yi, ba ka ji?" Na ce ya rufe mini baki, sa'ad da nake karatun inji a Yamai yana tsotson yatsa.

Laraba, 6
Matata Barira ta ce sau uku ta kira ni cin tuwo. Na ce tunani nake.

Alhamis, 7
Na kwance kalbireta, na tace isansi, wato fetur, ko da ruwa ciki. Lafiya lau. Alhasan ya zo da kansa: albasa na jiran mota, in na kasa zai kai ta garejin Rabilu. Rabilu! Wanda ko sunansa bai iya rubutawa. An kore ni daga garejin gwamnati da takarduna a hannu, na haɗiye. In aka ce kunnen ma ya tafi, me ya rage? Wa zai kawo ma kurma mota?

Jumma'a, 8
Tsoro. Ko huɗuba rabi na ji.

Asabar, 9
Da safe na tada injin, na bi bakin kowace tukunyar injin, su shida, ina ɗiga ruwa kan ƙarfen hayaƙi, irin dabarar 'yan bakin titi da nake yi ma dariya. Biyar suka ƙafe nan take. Ta huɗu ruwan ya zauna. Wayar bujinta ta tsage ta ƙasa, wuta na zurarewa. Na canza.
Sai ban san ko ya daidaita ba. Na daɗe tsaye. Na ce, "Dogo, saurara mini." Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya kara kunne, ya ɗaga babban yatsa. Bai yi dariya ba.

Lahadi, 10
Barira ta yi magana daga bayana. Na ce ta zagayo gabana, in ga bakinta.