Tunkiyar da Inna ta bar wa Auta

Assalamu alaikum. Don Allah a taimake ni da shawara, kuma a sakaya sunana. Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, balle a kan tumaki. Na san wani zai ga abin dariya ne. Ni kuwa ya hana ni sukuni.

Ni likitar dabbobi ce, amma ba irin mai yawo da jaka tana yin allura ba. Aikina a ɗakin bincike yake. Idan dabba ta mutu ba a san dalili ba, ni ake kawo wa: shanu, kaji, karnuka, wani lokaci har barewa ko biri daga gandun daji. In feɗe, in yanki ɗan nama, a rina shi a shimfiɗa a kan gilashi, in duba a madubin likita mai ƙara girman abu in faɗi abin da ya kashe ta. Mahaifina yana tsokanata da likitar matattu. Yakan ce duk wannan karatun ban taɓa warkar da ko kaza ba, amma dai ya yarda ba a taɓa jin majinyacina ya kai ƙara ba.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta rasu bara. Ciwon dajin huhu ne. Ta daɗe tana tari ana ba ta maganin mura, ko da aka gano ya riga ya ci jikinta. Ba ta taɓa shan taba ba, ba ta zauna da mai sha ba. Tambaya ɗaya Baba ya yi ta yi wa likitoci a barandar asibiti, wai daga ina ta samo shi. Ba wanda ya ba shi amsar da ta kwantar masa da rai. Har yau in muka zauna hira sai ya dawo da ita, kamar wanda ya ajiye abu ya manta inda ya sa.

Inna ta bar tumaki a bayan gida. Ba su da yawa, amma kowace da sunanta. Babbarsu ita ce Gwaggo, saboda faɗa da son a fara ba ta dusa. Ɗabi'ar Inna ce duk ɗanta da ya kafa gidansa ta ba shi tunkiya. Yayyena sun karɓi nasu tuntuni. Ni da nake haya a bene, cewa ta yi tawa tana ajiye sai ranar da na sauko ƙasa kamar mutane. Tana kwance a ciwonta na ƙarshe Gwaggo ta haihu. Aka ɗago 'yar aka nuna mata ta taga, ta dube ta, ta ce, "Wannan ta Auta ce." Auta ita ce ƙanwarmu ta ƙarshe, lokacin bikinta ya kusa.

Tun rasuwar, Baba ya koma makiyayi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, wanda bai san inda ake ajiye buhun dusa ba, yanzu shi ne shara, shi ne ban ruwa. Yana da kujera a bakin garken. Na sha jin yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, in ya ga na shigo sai ya kama shara.

Akwai wani rago da ya kamata in ambata. Shekarun baya Baba ya sayo wa Inna shi a wata kasuwa, a hanyarsa ta dawowa daga tafiya. Ta ji daɗin kyautar ƙwarai, tana kiransa Baƙo har ya mutu. Ramewa ya yi, yana haki, amma bai daina cin abinci ba. Ina wani gari ina ƙarin karatu a lokacin, aka ce tsutsar ciki ce, aka binne shi.

Watannin baya Gwaggo ta fara tari. Aka yi mata allura, ta ɗan samu sauƙi, abin ya dawo. Baba ya ce sanyi ne. Don tausayi ya samo buhuna da langa-langa ya toshe duk wata kafa da iska ke shiga, ya tara su duka a ɗaki guda, komi ɗaya, bokiti ɗaya. Da na je gida na ga yadda ta koma, ƙashin baya duk a waje, ga ci kamar lafiyarta ƙalau, sai na ce a fito da ita in gwada ta. Akwai wani gwaji da muke yi. A kama ƙafafun tunkiya na baya a ɗaga kamar mai tura baro, kanta ya yi ƙasa. Baba yana ta dariya yana cewa yau likitar matattu ta samu mai rai za ta ƙarasa ta. Sai ga ruwa mai kumfa yana zubowa daga hancinta, ba ɗigo ba, zuba. Ya daina dariyar. Da na sauke ta tana jan numfashi da ƙyar, ya ce haka Inna take yi a ƙarshe.

Ba ta daɗe ba ta mutu. Da hannunsa ya sa ta a bayan motata. Ya ce, "To, yanzu ta zama taki. Ki gano mini abin da ya kashe ta."

Na gano. Huhun lafiyayyar tunkiya ba shi da nauyi, da an buɗe ƙirji yake motsewa. Na Gwaggo ya cika ƙirjin, ya yi nauyi, gefensa na ƙasa ya yi tauri ya koma ruwan toka, maƙogwaron cike da kumfa. Madubi ya tabbatar da abin da nake tsoro. Ciwon dajin huhu ne na tumaki, wanda wata ƙwayar bairos ke haddasawa. Yana bin numfashi daga wannan zuwa waccan, musamman a rufaffen wuri, yana kuma iya bin nonon uwa zuwa ga 'ya. Yakan ɓoye a jiki tsawon watanni ko shekaru kafin ya nuna. Ba shi da magani, ba shi da rigakafi, kuma babu gwajin jinin da zan yi wa tunkiya ɗaya in rantse cewa ba ta ɗauke da shi. Zatona mai ƙarfi Baƙo ne ya shigo da shi.

Ga inda nake. Tunkiyar Auta 'yar Gwaggo ce, nononta ta sha, iskarta ta shaƙa. A ido lafiyarta ƙalau, ta fi kowa tsalle. Mijin Auta kuwa kiwon tumaki ne sana'arsa, da shi yake riƙe gidansa da na iyayensa. Baba ya ce ƙarshen wata zai kai musu ita da kansa, har sabuwar igiya ya saya. In ta shiga garken bawan Allahn nan, zan iya zama ina kallo ciwon ya ruguza shi a hankali.

In kuma na faɗa wa Baba gaskiya, kalmomi biyu zai ji, daji da yaɗuwa. Zai haɗa su da tarin Inna. Zai tuna wa ya sayo ragon. Tambayar da ya daɗe yana yi za ta samu amsa, amsar da ba gaskiya ba ce, kuma na san halinsa, ba zai sake ta ba. Ga shi da hawan jini.

Na ce masa sakamakon bai fito ba. Kullum sai ya kira. Na yi tunanin in ce masa ciwon sanyi ne kawai. Na yi tunanin in sayi wata mai kama da ita in musanya a ɓoye. Na yi tunanin in roƙi mijin Auta ya ƙi karɓa, amma wane suruki ne zai mayar da kyautar marigayiya? Auta ma ban gaya mata ba. Me zan yi?

Daga 'yar mai tumaki.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kyautata makwancinta. Wasiƙarki ba abin dariya ba ce.

Matsaloli biyu kika ɗaure da igiya ɗaya, gara mu kwance su. Ta farko ta gaggawa ce kuma a fili take: tunkiyar nan ba za ta shiga garken mijin Auta ba. Kin fi ni sanin dalili. Wanda ya san cuta ya bari aka kai ta gidan wani yana da hannu a ciki, ko da bai riƙe igiyar ba. Ta biyu ita ce zuciyar Baba, ita ce ke bukatar dabara.

Dabarun da kika lissafa ba za su kai ki ba. In kika ce ciwon sanyi ne, zai ƙara toshe ɗakin, wata ta fara tari, ki sake neman wata ƙaryar. Musanya kuwa, mutumin da ke wuni a bakin garke zai gane tun daga ƙofa, ga shi ke da kanki kin ce babu gwajin da zai wanke tunkiyar kasuwa. Sa suruki ya ƙi karɓa ɗora masa laifin da ba nasa ba ne. Ban raina tsoronki ba. Kin san mahaifinki, ni ban san shi ba, kuma hawan jini ba wasa ba ne. Amma ki lura da abu ɗaya: ya ga ruwan nan da idonsa, kuma shi ya fara ambatar Inna. Ya riga ya haɗa su a ransa. Duk ranar da kika ce sakamako bai fito ba, shi kaɗai yake zama da wannan tunani, ba mai gyara masa.

Kafin ki je, ki yi abu biyu. Ki ba wani abokin aikinki gilasan ya duba ya faɗi nasa, domin likita ba ya zama alƙali shi kaɗai a kan abin da ya shafi gidansu. Sannan ki nemi likitan da ya yi jinyar Inna, ko wani likitan ƙirji da Baba zai saurara, ki roƙe shi ya zauna da ku. Na tuntuɓi masana a ɓangarorin biyu, amsarsu ɗaya ce: an bincika, ba a samu hujjar cewa wannan ciwo na tumaki yana kama mutane ba, kuma ana samun dajin huhu a mutanen da ba su taɓa shan taba ba, ba su taɓa kiwon komai ba. Haka za ki faɗa masa, kada ki ƙara, kada ki rage.

Jerin maganar yana da muhimmanci. Kada ki fara da sunan ciwon. Ki fara da cewa abin da ya kashe Gwaggo ciwon tumaki ne, ba shi ne na Inna ba, ba daga gare su ta samu ba, ba ita ta ba su ba. Sai wannan ya zauna sannan ki ambaci sunan. Maganar Baƙo kuwa, zato ce. Ba ki feɗe shi ba, ba ki ga huhunsa ba. A wurin aiki ba za ki sa hannu a kan zato ba, to kada ki sa a gida. In Baba ya tambaya, ki ce mai yiwuwa ne, ba wanda zai iya tabbatarwa, kuma ba mai sayen da zai gane irin wannan ciwo da ido a kasuwa. Haka ma buhunan da ya toshe ɗakin da su, kada ki ce kuskure ya yi. Ki ce yanzu iska suke bukata, ku cire su tare.

Ki gaya wa Auta da mijinta kafin ki je wurin Baba. Makiyayi zai fahimta nan take, zai kuma gode miki. Auta ta raka ki, domin maganar Inna a kanta take, ita ce kuma za ta iya warware ta ba tare da an karya ta ba. Inna cewa ta yi tunkiyar ta Auta ce. To, ta zama tata. Baba ya ɗaura mata sabuwar igiyar, ya miƙa wa Auta a hannu, ita kuma ta roƙe shi ya ci gaba da riƙe mata a gidansa, kamar yadda Inna ta riƙe miki taki.

Sauran aikin naki ne, kin san shi. Kada wata ta shiga garken, kada wata ta fita zuwa wani garke ko kasuwa, a daina bari suna haihuwa, wadda ta fara nuna alama a ware ta a hutar da ita kafin ta wahala. Ki tambayi yayyenki lokacin da suka karɓi nasu, ki duba su in akwai shakka. Wannan yana nufin garken Inna zai ƙare a bayan gidan nan, a hankali. Kada ki ɓoye masa wannan ma, kuma ki bar shi ya yi kuka in zai yi. Ku kuma 'ya'yansa ku fara zama a kan kujerar nan tare da shi tun yanzu, kada ranar da tunkiyar ƙarshe za ta tafi ta same shi ba mai jin maganarsa.

Abu na ƙarshe. Mahaifinki ya yi ta tambayar likitoci daga ina Inna ta samo ciwonta, ba su iya ba shi amsa ba. Wannan karon ya sa gawar a motarki da hannunsa, ya tambayi wadda ya yarda da ita, kuma kina da amsa. Ki kai masa kafin ƙarshen wata.

Allah Ya ba Baba lafiya da dangana, Ya tsare garken mijin Auta, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.